Yaron Da Ya Buɗe Ido A Ƙofar Ɗakin Tiyata: Me Muka Gani A Kashin Daren Jiya?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bibiyar shirin asibitin nan. Wanda bai riga ya kalli kashin daren jiya ba ya yi haƙuri ya dakata da karatu a nan, domin zan faɗi yadda aka ƙare. Tun da aka fara wannan zango ban ga kashin da ya taɓa mini zuciya kamar wannan ba. Yaro ɗan shekara 19 ya yi haɗarin mota, likitoci suka ce ƙwaƙwalwarsa ta mutu, na'ura ce kawai take hura masa numfashi, sannan babban likitan zuciya ya zauna a gaban mahaifiyarsa yana roƙon ta amince a cire zuciyar ɗanta a dasa wa magidancin nan da ya shafe watanni yana jira. Matar da ta fito a matsayin uwar ta gwanance ƙwarai, domin ba ta yi kururuwa ba, ba ta zube ƙasa ba, sai dai ta yi ta gyara wa ɗanta bargo tana shafa kansa, kuma da ta zo sa hannu a takardar sai da alƙalamin ya suɓuce mata sau biyu. Da aka turo gadon zuwa ɗakin tiyata yaron ya matse yatsunta, ƙaramar likitar ta tsaya a bakin ƙofa ta hana a wuce, a fitowar ƙarshe kuma ya buɗe ido. Wallahi na zubar da hawaye. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne uwa tana jin abin da na'ura ba ta iya aunawa, kuma bai kamata a yi gaggawar cire rai da mara lafiya ba. Ina son in ji yadda kuka gan shi.

Abdulhadi:
Wa alaikumus salam Anti. Ni ma ra'ayina ke nan, kuma a ganina ƙaramar likitar ce tauraruwar wannan kashi. Tun farkon zango ake nuna ta a matsayin mai tsoron manyanta, wadda ko an taka ta ba ta iya ɗaga kai, amma jiya ta dubi idon mutumin da makomar aikinta take hannunsa ta ce gadon nan ba zai wuce ba. Marubutan sun daɗe suna shirya mu don wannan fitowa, shi ya sa ta yi armashi.

Sista Bilkisu:
Assalamu alaikum. Maman Hanifa, ban raina hawayenki ba, ni ma fitowar bargon nan ta sa na kawar da kai. Amma ina aiki a ɗakin kulawa ta musamman, na tsaya a gefen gadaje irin wancan ba sau ɗaya ba, kuma dole in ce ƙarshen kashin nan ya ɓata mini rai matuƙa. Doguwar suma daban, mutuwar ƙwaƙwalwa daban. Wanda ya yi doguwar suma ƙwaƙwalwarsa tana raye, jini yana kai mata, wani yana numfashi da kansa, kuma akwai waɗanda suke farfaɗowa bayan kwanaki ko makonni. Wanda aka tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwarsa kuwa, ɓangaren nan na gindin ƙwaƙwalwa da yake ba da umarnin numfashi da farkawa ya daina aiki har abada. Zuciyarsa tana ci gaba da bugawa ne saboda tana da nata tsarin lantarki a jikinta, muddin na'ura tana tura iska cikin huhu za ta yi ta harbawa na wani lokaci, shi ya sa jikin yake da ɗumi, shi ya sa kuma iyali suke kasa yarda. Irin wannan mutum ba ya buɗe ido ya dubi mahaifiyarsa.

Damuwata ita ce uwar da za ta tsinci kanta a wannan hali gobe, likitoci sun yi duk gwajin da ya kamata sun faɗa mata gaskiya, amma ita abin da take gani a zuciyarta shi ne yaron daren jiya. Za ta ɗauka ana son kashe mata ɗa ne da ransa. Mu ne za mu tsaya a gabanta, marubutan shirin ba sa nan.

Abdulhadi:
Sista, na fahimce ki, amma wasan kwaikwayo ne fa. Babu wanda yake kunna talabijin da daddare don ya ɗauki darasin likitanci, kuma duk mai hankali ya san an ƙara gishiri. Da za a nuna asibiti kamar yadda yake a zahiri, da rabin shirin cike takardu ne da jiran sakamakon gwaji, kuma da babu mai kallo.

Dakta Auwal:
Ɗan'uwa Abdulhadi, ƙarin gishiri iri biyu ne. Babu likitan da yake jin haushi don an nuna sakamakon gwajin jini ya fito cikin minti biyu, ko don likita ɗaya ya karɓi mara lafiya a sashen gaggawa, ya yi masa hoto, ya yi masa tiyata, sannan ya tura gadonsa da kansa. Wannan taƙaita lokaci ne da rage yawan 'yan wasa, kuma ba ya cutar da kowa. Wanda muke kuka da shi shi ne gishirin da yake sauya abin da mutane suke tsammani a ranar da za su yanke shawara kan rai.

Kafin ma a zo kan yaron, ku tuna fitowar da zuciyar magidancin ta tsaya a tsakiyar kashin. Layin na'urar da take nuna bugun zuciya ya miƙe sambal, aka ɗauko faifan lantarki aka buga masa sau uku, ya yi tari, bayan minti kaɗan yana hira da matarsa. Miƙaƙƙen layi ba a buga masa lantarki. Na'urar buga lantarkin nan ba ta tayar da zuciyar da ta yi shiru, aikinta shi ne ta katse hargitsin zuciyar da take karkarwa ba tare da tura jini ba, da fatan tsarinta na asali zai karɓi ragama. Idan layi ya miƙe, abin da ake yi shi ne danna ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, a nutsa da hannu kimanin santimita 5 zuwa 6, a riƙa ba da allurar adirenalin duk bayan minti 3 zuwa 5, a kuma nemi dalilin tsayawar. Aiki ne mai gajiyarwa har ana canza mai dannawa duk minti biyu, kuma sau da yawa haƙarƙari yana karyewa. Wanda aka ceto ta wannan hanya yawanci ɗakin kulawa ta musamman ake kai shi da bututu a maƙogwaro.

Kuma an auna wannan tazara tsakanin talabijin da asibiti. A shekarar 1996 mujallar likitanci ta New England ta wallafa binciken da aka yi a kan shirye-shiryen talabijin uku na Amurka, inda aka duba kashi 97 na shirye-shiryen aka samu sau 60 da aka yi yunƙurin farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Kashi 75 cikin ɗari sun farfaɗo a kan allo. A zahiri, wanda zuciyarsa ta tsaya yana kwance a cikin asibiti a ƙasa mai kayan aiki, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ne yake fita da ransa, wanda ta tsaya a gida ko a kan hanya kuwa kusan ɗaya cikin goma.

Hajiya Talatu:
Dakta, Allah ya saka da alheri da wannan bayani, ko da yake ya fama mini tsohon miki. Lokacin da zuciyar maigidana ta tsaya ina tsaye a bakin labule, na ga suna danna ƙirjinsa fiye da rabin awa, amma ban ga sun ɗauko faifan nan na lantarki ba ko sau ɗaya. Na daɗe ina riƙe da ma'aikatan nan a raina, ina ganin sun yi sakaci ne, sun hana shi abin da nake gani ana yi wa kowa a shirye-shirye irin wannan. Sai bayan shekaru wata 'yar'uwata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta yi mini irin bayanin da ka yi yanzu. Abdulhadi ɗana, ka ce mai hankali ya san an ƙara gishiri. Ina ganin ina da hankali daidai gwargwado, amma ban san a wane wuri gishirin yake ba, domin ban taɓa ganin yadda ake yin abin a zahiri ba sai a wannan dare.

Abdulhadi:
Allah ya jiƙansa da rahama, Hajiya. Ki gafarce ni, ban yi nufin taɓa kowa ba, kuma na janye wannan magana.

Malam Sabi'u:
Allah ya jiƙan Alhaji. Ina so in kawo wani abu da nake ganin duk mun tsallake, domin na sake kallon kashin yau da safe. A kusan minti goma na farko, lokacin da aka shigo da yaron yana fisge-fisge, an nuna ma'aikacin jinya yana ɗura masa maganin sa barci, kuma ƙaramar likitar ta faɗa cewa ƙodarsa da hantarsa sun sami rauni a haɗarin. Daga baya, lokacin da babban likitan ƙwaƙwalwa zai yi gwajin tabbatar da mutuwa, ta buɗe baki za ta yi magana, likitan zuciya ya harare ta, ta yi shiru. Fitowar ba ta kai daƙiƙa biyar ba. A fahimtata marubutan ba su ce matacce ya tashi ba. Abin da suka ce shi ne yaron bai taɓa mutuwa ba, magani ne bai gama fita daga jikinsa ba, kuma manya sun yi gaggawa saboda suna da buƙatar zuciyarsa. Idan haka ne, labarin na gaggawa ne da tsoron na gaba, kuma Sista da Dakta za su faɗa mana ko hakan yana iya faruwa.

Sista Bilkisu:
Malam, na gode, gaskiya wannan fitowar ta wuce ni, sai da na koma na duba. Kana da gaskiya, kuma ya rage mini wani ɓangare na fushina. Maganin sa barci yana iya sa mutum ya yi kama da wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu, musamman idan gaɓoɓin da suke tace shi sun raunana. Sanyin jiki mai tsanani ma yana yin haka. A 1999 wata likita 'yar ƙasar Suwidin ta faɗa ƙarƙashin ƙanƙara a arewacin Norway, zafin jikinta ya sauka har digiri 13.7, zuciyarta ta tsaya, amma da aka ɗumama jininta da na'ura ta rayu har ta koma bakin aiki.

Saboda sanin haka ne ƙa'ida ta hana a fara gwajin sai an cika sharuɗɗa. Dole a san abin da ya lalata ƙwaƙwalwar, dole jiki ya kasance da ɗumi, dole a tabbata babu sauran maganin barci ko na saki jiki, kuma sinadaran jini ba su rikice ba. Bayan nan ne ake haska ƙwayar ido a ga ko za ta tsuke, a taɓa farfajiyar ido a ga ko zai ƙifta, a zuba ruwan sanyi a kunne a ga ko ido zai motsa, a zura bututu a maƙogwaro a ga ko zai yi tari. Na ƙarshe shi ne a raba shi da na'urar numfashi na wasu mintuna ana ba shi iskar oksijin, a bar gurɓatacciyar iska ta taru a jininsa har ta kai matakin da duk ƙwaƙwalwa mai rai za ta tilasta wa ƙirji ya ja numfashi. A shirin jiya likita ya haska ido, ya girgiza kai, ya duba agogo. Wannan ba gwaji ba ne.

Sai dai, Malam, ka lura da cewa kai sai da ka kalla sau biyu kafin ka gane, ni da nake cikin aikin ban ma gani ba, Maman Hanifa kuma ta tashi da fahimtar cewa uwa ta fi na'ura sani. Bayanin daƙiƙa biyar aka yi, aka kuma ba buɗe idon minti uku da kiɗa mai sa kuka. Abin da mutane za su riƙe shi ne na biyun.

Maman Hanifa:
Sista, ban ji haushi ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma ina da tambaya guda. Matse hannun da ya yi fa? Idan da a gaske ne, ba wannan kaɗai ya isa a dakatar da komai ba?

Dakta Auwal:
Tambayar tana da muhimmanci, Maman Hanifa. Ya isa a dakata a sake dubawa, kuma babu ma'aikacin kirki da zai ƙi. Sai dai ya kamata a sani cewa gawar da na'ura take riƙe da ita tana iya motsi. Laka, wato jijiyar da ta bi ta cikin ƙashin baya, tana da wasu motsi nata na kanta da ba sa buƙatar umarnin ƙwaƙwalwa, don haka yatsa yana iya lanƙwashewa, ƙafa tana iya janyewa idan an taɓa ta, a wasu lokuta ma hannu yana ɗagowa zuwa ƙirji. Abu ne mai firgitarwa ga wanda bai taɓa gani ba, kuma shi ya sa muke gaya wa iyali tun kafin ya faru. Bambancin shi ne motsin laka ba ya bin magana. Idan aka ce wa mutum ya ɗaga yatsu biyu ya ɗaga biyu, wannan ƙwaƙwalwa ce take ji, kuma wannan mutum yana raye.

Abin da ya fi damuna a kashin gaba ɗaya shi ne zaman da likitan zuciya ya yi da uwar. A ƙasashen da suke da tsarin dashen gaɓoɓi an raba waɗannan ayyuka da gangan. Likitan da ya tabbatar da mutuwa ba ya cikin masu cire gaɓa ko masu dasa ta. A Ingila likitoci biyu ne suke yin gwajin, kuma babu ɗan tawagar dashe a cikinsu. Wanda yake magana da iyali kan bayar da gaɓa ma'aikaci ne da aka horar don wannan aiki, kuma ba shi da mara lafiyan da yake nema wa zuciya. Sannan likita ba ya zaɓar wanda za a ba, akwai jerin masu jira na ƙasa baki ɗaya, ana duba rukunin jini da girman jiki da tsananin ciwo da nisan wuri, domin zuciya idan an cire ta an sa a ƙanƙara ba ta wuce awa 4 zuwa 6. Shirin ya ɗauki mutum ɗaya ya ba shi duk waɗannan kujeru don a sami mugu a labari, kuma wannan shi ne ainihin tsoron da yake hana mutane amincewa: cewa idan likita ya ga gaɓoɓinka suna da amfani zai daina ƙoƙarin ceton ka.

Malam Sabi'u:
Dakta, a nan zan ɗan saɓa maka. Tsoron bai fito daga talabijin kaɗai ba, yana da asali a tarihin abin. Likitoci biyu a Faransa ne suka fara bayyana yanayin mutuwar ƙwaƙwalwa a 1959, bayan na'urorin numfashi sun yaɗu. A watan Disamba na 1967 likitan tiyata Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wanda aka dasa wa ya rayu kwana 18, kuma a shekarar da ta biyo, 1968, kwamitin jami'ar Harvard ya fitar da ma'aunin mutuwar ƙwaƙwalwa. Kusancin waɗannan biyu ya sa tun a wancan lokaci wasu suke tambaya ko an faɗaɗa ma'anar mutuwa ne don a sami gaɓoɓi. Malaman addini ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta ɗauki tsayawar dukkan ayyukan ƙwaƙwalwa, idan ƙwararru sun tabbatar ba mai dawowa ba ce, a matsayin mutuwa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka kuwa, a 1987, ta halatta cire na'ura a wannan hali amma ta ce ba a yanke hukuncin mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Idan manyan malamai sun tsaya sun yi nazari har sun saɓa, ban ga laifin shirin da ya nuna uwa tana shakka ba, kuma ban ga laifinsa ba don ya nuna likita yana iya yin son rai.

Dakta Auwal:
Malam, ban ƙi ko ɗaya ba. Shakkar uwar ita ce mafi gaskiyar abin da aka nuna jiya, kuma likitoci mutane ne, an sha samun masu gaggawa da masu girman kai a cikinmu. Ƙa'idojin da na lissafa an kafa su ne saboda an san da haka. Da marubutan sun nuna ƙa'idar tana nan sannan mutum ya tsallake ta, ya fuskanci hukunci, da labarin ya fi ƙarfi, kuma da mai kallo ya fita ya san tambayoyin da zai yi idan ya sami kansa a wurin: wane magani aka ba shi, yaushe aka daina, waye ya yi gwajin, an yi na numfashi ko ba a yi ba. Yadda suka yi, mai kallo ya fita da tsoro kawai. An taɓa ganin irin wannan a Birtaniya a 1980, lokacin da shirin Panorama na BBC ya tambaya ko masu bayar da gaɓoɓi sun mutu da gaske. Bayan an nuna shi yawan dashen ƙoda ya ragu na tsawon watanni, kuma masu jira ne suka ɗanɗana kuɗarsu.

Yaya Murtala:
Tun safe nake karanta maganganunku ina shawarar ko in sa baki. Ƙanena yana wankin ƙoda sau uku a mako, kowane zama awa huɗu, kuma ni nake kai shi. Ana auna masa ruwan da zai sha a rana, saurayi ne amma hawa bene yana gagararsa ranar da aka yi masa wanki. Tare muke kallon shirin nan domin yana ɗebe masa kewa. Jiya da yaron ya buɗe ido ni na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, shi kuma bai ce komai ba, sai can ya tambaye ni: shi mutumin da yake jiran zuciyar fa? Na rasa amsar da zan ba shi, domin ni ma na manta da shi. An riga an yi masa aski a ƙirji, an sa masa rigar tiyata, matarsa ta kira 'ya'yansu ta gaya musu an sami zuciya, sannan shirin ya ƙare ba a sake nuna fuskarsa ba.

Ba ina cewa da an yanka yaron da ransa ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne, a labarin jiya an nuna mai jiran gaɓa kamar wani nauyi ne da ya sa aka kusa kashe yaro, alhali shi bai roƙi kowa ya yi gaggawa ba, bai ma san sunan yaron ba. Masu jira ba sa fatan mutuwar kowa. Ƙanena ya taɓa gaya mini cewa abin da ya fi yi masa nauyi shi ne sanin cewa samun lafiyarsa yana iya zuwa ta hanyar makokin wani gida, har ya kan rasa yadda zai tsara addu'arsa.

Sista Bilkisu:
Yaya Murtala, Allah ya ba shi lafiya, ya kuma saka maka da ɗawainiyar da kake yi. Abin da ya sami magidancin yana faruwa a zahiri, ana kiran mai jira cikin dare ya zo asibiti, a shirya shi tsaf, sannan a ce gaɓar ba ta dace ba ya koma gida. Wasu sai an kira su sau biyu ko uku. Akwai labari mai nauyi a cikin wannan komawa gidan, kuma ban taɓa ganin shirin da ya tsaya a kansa yadda ya kamata ba. Game da ƙanenka, na san likitocinsa sun riga sun gaya muku, amma don amfanin sauran masu karatu: ƙoda ba kamar zuciya ba ce, mai rai yana iya bayar da ɗaya ya ci gaba da rayuwarsa da ɗayar bayan an tantance lafiyarsa. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara ma, wanda aka yi a Boston a 1954, tsakanin tagwaye ne, ɗaya ya ba ɗan'uwansa.

Yaya Murtala:
Amin, Sista, na gode. An gwada ni, jininmu bai dace ba. Yayarmu ce ake kan yi wa gwaje-gwaje yanzu.

Abdulhadi:
Allah ya sa a dace, Yaya. Har yanzu ina ganin ƙaramar likitar ta yi abin a yaba, amma bayan maganar Malam Sabi'u na fara ganin ta da wani ido. Ta san da maganin tun farko, ta yi shiru a ɗakin gwaji saboda harara, ta bari uwa ta sa hannu, sai a bakin ƙofar tiyata ta yi magana. Da yaron bai matse hannu ba, ban san ko za ta buɗe baki ba. Ina fata kashi na gaba ba zai mai da ita jaruma kawai ba tare da an tambaye ta wannan shirun ba.

Hajiya Talatu:
Wannan ita ce tambayar da nake so uwar ta yi mata da bakinta. Matar nan ta sa hannu a kan takardar cire zuciyar ɗanta da yake raye, bisa maganar mutanen da ta amince da su, kuma za ta rayu da wannan sanin ko da yaron ya warke sarai. Idan marubutan suka wuce wannan suka nuna ta tana rungumar likitoci tana godiya, zan daina kallo.

Maman Hanifa:
Na koma na sake kallo yanzu bayan na kwantar da yara. Na ga fitowar maganin, na ga hararar, kuma na janye maganata ta farko cewa uwa ta fi na'ura sani, domin ba a ma ba na'urar da gwajin damar yin aikinsu ba. Hawayena dai ban janye su ba. Yaya Murtala, ka gaya wa ƙanenka cewa an nuna matar magidancin sau ɗaya bayan an tsayar da gadon, a can bayan ƙaramar likitar, ba a ma haska fuskarta sosai ba. Tana tsaye a bakin ɗakin jira da wayarta a kunne, kuma ina jin 'ya'yan take sake kira. A tallan kashi na gaba na ga an nuna gadon mijinta an mayar da shi ɗakinsa na da, amma ban iya gane ko yana kai ba. Malam Sabi'u, kai da kake lura da ƙananan abubuwa, ka duba mana wannan wurin.